Uwar da ba ta tashi

A cikin kwalin kayan gwanjo na tsinci jirgin, a gefen babbar kasuwar Maraɗi, tsakanin wata tsohuwar na'urar busar da gashi da takalman yara waɗanda ƴan'uwansu suka ɓace tun a Kwatano. A lokacin ma ba jirgi ba ne, ƙashin jirgi ne: baƙaƙen ƙarafuna, wayoyi ja da baƙi, doguwar sandar wutsiya, da farfela biyu, ɗaya ta tsage. Mai kayan ya ɗauka wata irin fanka ce da ta lalace. Ni kuwa da na duba shi da kyau sai gabana ya faɗi, don na sha ganin irinsa a waya. Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu ne, elikwafta mai tashi da telekomand, kwaikwayon T-Rex 450 na kamfanin Align na Taiwan. Na haɗiye murnata, na yatsine fuska, na taya jika biyu. Muka daidaita a jika uku da rabi, har da telekomand ɗin da na tono daga ƙasan kwalin.

Kusan shekara guda na yi kafin ya tashi, amma ba labarin da na zo da shi ba ke nan. Batir da sabbin farfela wani abokina mai zuwa Kano sarin kayan waya ya samo mini. Koyon tsayar da shi a sama ya ci mini farfela uku da tulun Inna guda. Ranar da na tsayar da shi cak a tsakar gida, daidai ƙirjina, ina satar kallo in ga wa zai yaba, Inna ta ɗago kai daga kaskon ƙuli-ƙuli, ta dube shi, ta ce:

«Wanga ai hwara ce da anka hige. Ina jirgin?»

Na ji haushi, amma gaskiyarta. Abin da ke shawagi a gabana ba shi da ciki, ba shi da baya, hanjinsa duk a waje. Masu wannan wasa a Turai sun daɗe da sanin haka. Bajamushen nan Dieter Schlüter, wanda ya fara tayar da ƙaramin elikwafta mai telekomand da ya yi tashi na kirki a wajajen 1970, bai bar nasa tsirara ba, siffar Bell Cobra ya yi masa. Har yau akwai kamfanoni irin Vario a Jamus da ke sayar da gangar jikin da aka zuba da rezin da fibar, mutum ya saya ya cusa injinsa a ciki. Da na ga farashi da kuɗin yuro, na buga shi sau 656, na ƙara kuɗin aikowa, sai na kashe wayar na kwanta. A daren na yanke shawarar zan yi nawa da hannuna.

Mi-17 na zaɓa, jirgin Rasha mai ƙaton ciki, don shi ne na taɓa gani da idona yana wucewa bisa gari, kuma lissafinsa ya zo mini daidai. Faɗin kewayen farfelarsa ya ɗan wuce mita 21, na nawa kuwa wajen santimita 70. Ke nan kashi ɗaya cikin talatin. Gangar jikin babban ta ɗan haura mita 18, tawa za ta kama santimita 61. Na samo zanensa ta gefe, ta sama da ta gaba, na kai wajen mai fotokofi, muka yi ta ƙara girma muna ragewa har tsawon ya zo daidai da ma'aunina. Mai fotokofin ya tambaye ni ko aikin jarrabawa ne. Na ce masa e.

Ga wanda bai taɓa ganin aikin ba, hawa uku gare shi. Da farko za ka sassaƙa jirgin cikakke, daskararre, da duk siffar da kake so. Wannan ita nake ce wa uwa, kuma a bakin Kawu na ɗauki sunan, zan zo kansa. Daga nan ka lulluɓe uwar da rezin da fibar, su daskare, ka ɓare su gida biyu, hagu da dama: ka samu mul, kamar mul ɗin masu buga bulo, sai dai shi cikinsa santsi ne kamar faranti. A cikin mul ɗin ne za ka shimfiɗa fibar siririya ka fitar da jikin gaskiya, ɓawo marar nauyi wanda inji zai ɗauka. Uwar ba ta tashi, mul ma ba ya tashi. Amma su biyun suka cinye wata takwas cikin tara da na yi ina wannan aiki.

Uwata ta farko da farin soson nan na cikin kwalin firijo na sassaƙa ta, don yana yankuwa da reza kamar rogo. Kwana goma na yi a kanta. Wani toliye a unguwarmu, mai gyaran jikin motoci, ya ɗan sam mini rezin a gwangwanin tumatir in gwada. Ina shafawa, sai na ga hancin jirgin yana lotsawa yana narkewa kamar an zuba wa sukari ruwa. Ashe rezin irin na masu gyaran mota yana cin wannan soso. Toliyen ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da na tambaye shi da ya gaya mini. Ban tambaya ba.

Sai na koma katako. Na sayi guntayen samba wajen kafinta, katakon nan fari mai laushi, na manne su da gam suka zama dunƙule guda. Na yanka kwali goma sha huɗu, kowane da siffar cikin jirgin a wani wuri daga hanci zuwa wutsiya, ina sassaƙa ina gwadawa, inda kwali ya ƙi zama in ƙara fiƙewa. Bayan wuƙa sai samfefa: mai lamba 80, mai kaushi, sannan 240, sannan 400 da 600 da ake jiƙawa da ruwa. Inda ya lotsa in cike da mastik, in jira ya bushe, in goge, in ga wani wurin ya bayyana. Wata uku ina wannan a zauren gidanmu bayan na dawo daga jami'a. Zanen yatsuna ya shafe har waya ta daina gane ni. Na huda mata tagogi masu zagaye, na manna tankunan mai a gefe biyu, na ƙwaƙule ramukan shan iska guda biyu na bisa kan direba, masu zurfi, suna kallon gaba kamar hancin raƙumi. Waɗannan ramuka su na fi alfahari da su. Duk wanda ya shigo zauren sai na sa ya leƙa cikinsu.

Saura rezin, kuma a nan ne maganar ta daina zama wasan yara. Shekarar 2023 ce. Tun watan Agusta an rufe iyaka da Nijeriya, wuta ma da muke samu daga can an yanke, cajin batir sai na je shagon abokina mai faranti na hasken rana. Duk abin da ke zuwa daga Kano ya yi tashin gwauron zabo, in ma an same shi. Toliyen ya ce zai iya rabuwa da lita biyu cikin ajiyarsa, da fibar mita uku da ƴar kwalbar ruwan daskarwa, a jika goma sha biyar, kuma ba ragi. Kuɗin karatu da muke jira bai fito ba. Ni kuwa ko jika ɗaya ba ni da ita.

Inna ta ɗauki adashinta a wannan watan. Na san abin da take yi da shi kowace shekara: da kaka, gyaɗa na araha, take sayen buhu ta ajiye, shi ne ribar da ke riƙe gidan idan rani ya tsananta. Na yi kwana uku ina kewaya maganar. A na huɗu ita ta fara.

«Nawa ne?»

«Jika goma sha biyar, Inna. In kuɗɗinmu sun hito zan maido.»

Ba ta tambaye ni amfanin jirgin ba. Da ta tambaya ban san abin da zan ce ba. Ta kwance bakin zane ta ƙirga mini, ta ce kar warin abin ya kusanci inda take tuya.

A watan Nuwamba na yi mul ɗin farko. Na fesa wa uwar fenti na gwangwani, washegari na ga ya bushe. Na yanka siffarta a jikin faifan katako, na nutsa ta ciki har rabi, na toshe tsagar da ke kewaye da laka mai laushi don rezin kar ya zurara. Na dasa ƙwallayen boris shida a bakin faifan, don in an zo haɗa ɓangarorin biyu su riƙa faɗawa wuri ɗaya. Na shafa man goge takalmi marar launi sau biyu, wai don kar ya manne. Sannan na dama rezin da hodar jarirai ya yi kauri, na shafe fuskar uwar da shi, ya fara kamawa, na bi da fibar hawa huɗu, ina dannawa da buroshi ina korar kumfa. Kwana biyu bayan haka na cire faifan na juya, na yi ɗaya gefen. Rabin rezin ɗin Inna ya tafi a nan.

Ranar buɗewa na rufe zaure, na yi bisimilla, na sa wuƙa a tsaga. Wajen wutsiya ya ɗan saki. Wajen kai ko motsi. Na ja, na murɗa, na bubbuga. Da haƙuri ya ƙare na ɗauko turnabis na cusa na danna da ƙarfi. Na ji ƙara, amma ba ƙarar da nake jira ba. Mul ya tsage tun daga goshi har tsakiyar baya, kan uwar ya ɓalle ya tafi da shi, fenti ya kwaile ya manne a ciki kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na zauna a ƙasa ina kallon wata uku da rabin buhun gyaɗa.

Na tattara komai na tura ƙarƙashin gado. Mako biyu ban ce wa kowa komai ba. Idan Inna ta tambaya sai in ce yana bushewa. Ita kuma ta ce to, Allah shi busar da shi. Wata safiya ta ce in je wajen Kawu in karɓo mata tukunyar da ta ba da a zuba, ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba: «Ka tahi da abin nan na ƙarƙashin gado, shi gani.»

Kawu wan Inna ne, maƙerin sanholo. Tun ina yaro nake zuwa rumfarsa, amma ban taɓa kallon aikinsa a matsayin abin da ya shafe ni ba. A wajena shi mai narka gwangwanaye da tsofaffin fistan na mota ne, ni kuwa ɗan jami'a mai lissafi da kashi cikin ɗari. Abin kunya ne in rubuta haka, amma haka nake. Ranar na tarar yana shirya zubi, na zauna a kan buhun gawayi ina jira, kuma karo na farko na kalla da idon mai nema. Tukunyar da yake kwaikwaya, mai ƙaton ciki da ƙaramin baki, a rabe take gida biyu. Ya haɗa ta, ya danƙare cikinta da ƙasa mai laima, ya danƙare bayanta a cikin akwati mai buɗewa biyu, yana barbaɗa toka a duk inda ba ya so ƙasa ta kama ƙasa. Sannan ya buɗe akwatin, ya zare rabin tukunyar ta nan, rabin ta can, ya mayar ya rufe. Gurbin da ta bari shi narkakken sanholo zai cika.

Da ya gama na zazzage buhuna a gabansa. Bai yi dariya ba. Ya ɗauki kan jirgin da ya maƙale, ya juya shi, ya sa ɗan yatsansa cikin ramin shan iskar nan da nake taƙama da shi, ya ja ta gefe. Yatsan ya maƙale.

«Ɗana, ta ina ka so ta hita?»

Na ce ta gefe, hagu da dama.

«To ga ramu na kallon gaba. Ka gina mata ɗaki, ka sa ta ciki, ba ka yi ƙohwa ba. Uwa kowace iri ce, tun ba ka taɓa ƙasa ba kake tambaya tai ta ina za ta hita. In ba ta da hanya guda, ka raba ta. In ta ƙiya, ka cire abin da ya hana, ka zuba shi daban.»

Ya sa na riƙa bin jikin uwar da yatsa ina ja ta gefe, a miƙe, duk inda yatsa ya sarƙe in yi alama da gawayi. Wuri biyar muka samu: ramukan biyu, ƙarƙashin tankunan mai inda suka lanƙwasa suka koma ciki, da wani lungu a gindin wutsiya. Abin da na karanta da Faransanci na wuce ban gane ba, ga shi a yatsana baƙi ƙirin. Ya kankare fentin da farce, ya shinshina, ya ce wannan bai nuna ba, samansa kawai ya bushe. Nan ma da gaskiyarsa: rezin ya jiƙa ɗanyen fentin ya mai da shi gam, man takalmi shafa biyu kuwa bai tare komai ba.

Kafin in tafi ya ɗauko tukunyar Inna sabuwa, ya nuna mini layin da ya ratsa ta daga kunne zuwa kunne ta ƙasa, inda ɓangarorin suka haɗu. Kowace tukunyar sanholo a gidajenmu tana da wannan layi, ku duba in kun koma gida. Sannan ya nuna mini wata ƴar lotsawa kusa da kunne ɗaya, kamar an danna da babban yatsa. Ya ce uwar ce ta faɗi a kan dutse shekaru da yawa da suka wuce, tun daga ranar duk tukunyar da ta haifa da wannan tabo take fitowa. Na san tabon. Yana jikin tsohuwar tukunyar tuwonmu, nan nake sa yatsa in na ɗauko ta tun ina ƙarami. Ban taɓa tunanin daga wani wuri ya zo ba.

«Mul ba shi da kara,» in ji Kawu. «Abin da ka ba shi, shi za ya ba ka, ko sau ɗari.»

Gyaran uwar ya ci duk lokacin sanyi. Na manne kan, na cike ramukan shan iska suka zama ƴan lotsawa marasa zurfi, na ɓalle tankunan na ajiye su don in yi musu ƙananan mul nasu daban. Zuciyata ta yi zafi a kan ramukan, don jirgin ya rage kyau. Toliyen ya fesa mata ragowar fentin mota mai haɗi biyu, na rufe ta a cikin kwali saboda ƙurar hunturu, na bar ta mako biyu cur ban taɓa ba. Na samo kakin goge mota, na shafa, na bari ya sha iska, na goge da tsohon ɗankwali, sau takwas. Kuma wannan karon sai da na fenta wani guntun katako daban, na yi masa duk abin da na yi wa uwar, na ɗiga masa rezin, na ga ya ɓare lafiya, sannan na kusanci ita kanta.

Kafin in shirya zafi ya shigo. Rezin da zafi ba sa ga maciji. Ruwan daskarwar da ake zuba masa kaɗan ne, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, kuma da rana a watan Maris ko kashi ɗayan ka sa kafin ka gama shafa rabin aiki ya zama tuwo a hannunka. Sau ɗaya na dama da yawa a kofi ɗaya, na juya ina yankan fibar, na waiwayo na ga kofin yana hayaƙi, ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Wannan asarar ta koya mini tsari. Na binne galan ɗin a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Ina tashi da asuba, in dawo daga masallaci in fara, kafin rana ta haura katanga na gama. Giram hamsin hamsin nake damawa, ruwan daskarwa rabin mililita da sirinji. Shi wannan ruwa ko ɗigo ya shiga ido yana iya makantarwa, don haka na sayi tabarau na masu walda mai farin gilashi, na kuma hana ƙanwata shiga zauren. Ƙaiƙayin fibar kuwa ba magani, sai wanka da ruwan sanyi da haƙuri. Wari ya kama tufafina har a aji ana matsawa daga kusa da ni.

Ranar buɗewa ta biyu ban ɗauko ƙarfe ko ɗaya ba. Na yanka ƴan tsinkaye masu faɗi daga tsohuwar jarka, na riƙa cusa su a tsaga a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ina kewayawa. Da na zo wajen goshi na ji ƙwas, ƴar ƙara kamar an fasa gyaɗa. Rabin mul ya taso a hannuna, cikinsa na sheƙi, ga tagogi, ga layin ƙofa, komai a juye. Ga kuma wani ɗan karce kusa da ƙofar hagu, wanda na gani tun ina gogewa na ce ba komai, ba wanda zai lura. Yana nan daram.

Jikin farko da na fitar ya yi kyau, ya kuma yi nauyi. Na kai shi sikelin mai shago: giram 560. Injin da batir ɗinsa gaba ɗaya wajen giram 800 ne, ka ga na ɗora masa kusan kwatankwacin kansa. Ya yi kuka, ya karkaɗa, ya ɗaga ƙafa ɗaya, motar ta yi zafi, na kashe. Masu yin abin a Turai suna da fibar saƙaƙƙiya siririya kamar mayafi. Mu abin da ke kasuwa mai kauri ce, ta gyaran bamba. Sai na gano in aka bi ta a hankali tana ɓarewa biyu kamar fatar albasa. Na shimfiɗa ɓari ɗaya kawai, na ƙara na biyu a inda ƙafafu da inji za su zauna, ina matse rezin da buroshi har sai fibar ta jiƙe ba ta yi tafki ba. Na haɗa hagu da dama da siririn ƙyallen fibar ta ciki. Giram 270. A ƙasan galan abin da ya rage bai cika kofin shayi biyu ba.

Sauran aikin na ƙananan dabaru ne. Gilashin gaba daga gorar ruwa na yanka, na gasa ta a bisa garwashi na danna a kan goshin uwar. Tagogin gefe na bar su a buɗe don inji ya sha iska. Na rataye jirgin a yatsu biyu daga kan farfela, wutsiya ta rinjaya, na tura batir can cikin hanci har ya tsaya daidai. Kuma in faɗi gaskiya, bai zama Mi-17 sak ba. Na gaskiya farfela biyar gare shi, nawa biyu. Wutsiyarsa tana lanƙwasa sama a ƙarshe, tawa a miƙe take don bel ɗin da ke juya ƙaramar farfela ba ya son kwana. Ita ƙaramar farfelar ma a Mi-17 hagu take, tawa tana dama, irin ta yayansa Mi-8. Ba wanda ya taɓa lura a Maraɗi, amma ni na sani.

Na so in yi masa fentin soja, kore da ruwan ƙasa. Kawu ya hana. Ya ce a wannan zamani abin da ke tashi bisa kan gidajen mutane ba abin wasa ba ne, balle da kayan soja. Ya sa na fenta shi fari, ya kuma kama hannuna muka kai shi gaban mai unguwa, na buɗe cikinsa na nuna ba kyamara, na faɗi inda zan tayar da shi da lokacin. Mai unguwa ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya tambaya ko daga Chaina ne. Kawu ya ce a'a, daga zauren ƙanwarsa ne.

Wata Lahadi da sassafe muka gangara gulbi, lokacin ba ruwa sai yashi. Na shimfiɗa faifan katako don kar yashi ya shiga haƙoran inji. Kawu ya zo a kan kekensa, yara masu zuwa lambu suka tsaya da jakunansu. Inna ba ta zo ba, ranar matsar mai ce. Na tura sandar a hankali. Ƙarar ta canza, ta yi kauri saboda ɓawon, kamar mai magana a cikin tulu. Ya ɗaga. Ya fi da nauyi, ya fi da jinkirin amsawa, amma wannan jinkirin ne ya sa ya yi kama da na gaske. Ya tsaya a tsayin mutum, fari, da ƙaton cikinsa, inuwarsa na rawa a kan yashi. Wani yaro ya ce akwai mutane a ciki, ya gan su. Na kai shi gaba, na juyo da shi, na sake kai shi. Wajen minti uku. A juyowa ta uku iska ta taso daga gabas ta bugi faffaɗan gefensa, wanda da yana tsirara ba shi da shi, hannuna ya makara, ya sunkuya ya caki yashi da hanci.

Yara suka yi salati. Na ruga. Farfela ɗaya ta karye, hancin ya dare har gilashi, yashi ya cika ciki. Ina tsugune ina tattara ɓaraguzai, Kawu ya iso yana tura keke.

«Mul ɗin na gida?»

Na ce yana gida.

«To tashi mu tahi, rana na yi.»

A watan ne aka buɗe iyaka, rezin ya fara shigowa, farashi ya ɗan sauka. Jiki na uku kwana biyu kawai ya ɗauke ni, ya fito da ɗan karcensa kusa da ƙofar hagu kamar na farko da na biyu. Toliyen da ya ga mul ɗin ya ce in gwada yi masa na murfin gefen babur, wanda ƴan kabu-kabu ke yawan fasawa. Na bi murfin da yatsa tukuna, na sami inda zai sarƙe, na raba mul ɗin a nan. Daga wannan aikin na biya Inna jika tara.

Uwar tana ɗakin Inna yanzu, bisa jeren kwanoninta, da tabon gam a wuya inda kan ya taɓa ɓallewa. Ita ta ɗauke ta daga zaure da kanta, ban san ranar ba. In baƙi mata suka tambaya ko wannan ne jirgin da ake cewa yana tashi, sai ta ce a'a, wagga ba ta zuwa ko'ina, katako ce. Jiya da na kawo mata jika ɗaya cikin shidan da suka rage, ta karɓa ta ɗaure a bakin zane, ta ce in goge wa abin ƙura kafin in fita.